Yadda za ka fahimci karma idan zama ya haɗa ka da mutanen Indiya

Shekara uku na yi ina karatu a birnin Jaipur na Indiya, ina haya a saman benen wasu mabiya addinin Jain. Kafin na tafi, a wurina karma ba komai ba ce illa "alhaki kwikwiyo", yadda muke rubutawa a Facebook idan dubun azzalumi ta cika. Ɗalibi ko mai jinya da zai je can, ga yadda nake ganin ya kamata ya bi da maganar.

Ka fara da ajiye fassararmu a gefe. A Sanskirit, tsohon harshen Indiya, karma na nufin aiki. A wurinsu ba lalle sakamakon aiki ya zo a wannan rayuwar ba, yana iya bin mai shi har wata haihuwar, a jikin mutum ko na dabba. Wannan zagaye na mutuwa da sake haihuwa shi ne samsara, kuma ba abin murna suka ɗauke shi ba. Burin mai ibada shi ne ya kuɓuta daga zagayen baki ɗaya, abin da suke kira moksha.

Sai ka san da wa kake magana, domin ba bakinsu ɗaya ba. Mabiyin addinin Hindu zai ce maka rai ba ya mutuwa, jiki kawai yake sauyawa kamar yadda ake tuɓe tsohuwar riga a sa sabuwa. Misalin yana babi na 2 na Bhagavad Gita, ɗaya daga littattafan addininsu. Mabiyin Buddha ba ya yarda da wani rai tabbatacce, shi niyya ce a gabansa. Mutanen Jain kuwa suna ɗaukar karma kamar ƙura mai laushi da ke manne wa rai duk sa'ad da aka cutar da wani abu mai rai.

Wannan na ƙarshen a madafa na gane shi, kuma can nake so ka zuba ido. Matar mai gidanmu ba ta girki da albasa ko tafarnuwa ko dankali, saboda tono su yana kashe shukar da ƙananan halittun da ke cikin ƙasa. Ruwan sha sai ta tace shi da ƙyalle. Abincin dare kuma kafin faɗuwar rana ake gamawa, don kada ƙwari su faɗa ciki. Saboda haka kafin ka shigo da nama ko ƙwai gidan haya, ka tambaya. Ni kilishin da na zo da shi daga gida sai ɗakin wani abokina na kai.

A ƙarshen bikinsu na Paryushan, wajen Agusta zuwa Satumba, ta hawo sama ta haɗa tafukan hannunta ta ce, "Micchami dukkadam, beta." Wato in ta taɓa ɓata mini rai, da sani ko ba sani, in yafe mata. Dattijuwa ce sa'ar mahaifiyata. Na ce, "Anti, ni ma ki yafe mini." Idan an faɗa maka haka, ka amsa da zuciya ɗaya.

Abu ɗaya ka kiyaye: kada ka taɓa cewa talaucin wani ko nakasarsa karmarsa ce. An daɗe ana fakewa da wannan magana ana danne 'yan Dalit, waɗanda ake ɗauka mafi ƙasƙanci a tsarin ajin jama'a na Indiya har ake ƙyamar taɓa su, kuma raunin bai warke ba. Sashe na 17 na tsarin mulkin Indiya ya haramta ƙyamar taɓa su, sannan a 1956 Dakta Ambedkar, jagoran 'yan Dalit, ya bar addinin Hindu ya koma na Buddha a Nagpur tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa.

Za su tambaye ka naka imanin, kada ka yi kwana-kwana. Ni nakan ce mu Musulmi rayuwa ɗaya muka sani a duniya, sai kabari, sai tashin ƙiyama da hisabi, kuma ƙofar tuba a buɗe take. Sau ɗaya na faɗa cikin natsuwa, ba wanda ya ƙullace ni.

In hanya ta kai ka Varanasi, za ka ga ana ƙona gawawwaki dare da rana a Manikarnika, bakin kogin Ganga, saboda sun yi imani wanda ya mutu a garin ba zai sake dawowa ba. Ka mayar da wayarka aljihu, ka tsaya daga nesa, ka ba masu ɗauke da makara hanya.