Neman ƙarin ladan ƙwadago ba tare da ɓarna ba

A gonakin shinkafa na Kura da Auyo, haushin ƙarancin lada kan sa ɗan ƙwadago ya lalata injin ban ruwa. Wannan cin amana ne, don injin amana ce a hannunsa. Shinkafar da ta rasa ruwa lokacin fitar da kai ba ta cika ido, sai ƙaiƙayi, kuma aikin yanka da bugu da 'yan uwansa ke jira ya tafi ke nan.

Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2024, naira 70,000, ba ta shafi aikin gona na lokaci-lokaci ba, don haka ku 'yan ƙwadago ƙarfinku yana wajen ciniki. Ku haɗa baki tun kafin dashe, ku yanke jinga kan kowace kadada ko buhu, a gaban shaidu biyu, a rubuta har da ranar biya da abincin rana. In mai gona ya ƙi, ku miƙa masa injinsa yana aiki, ku janye tare. Kada ku tsayar da aiki bayan an cire iri daga gadonsa, zai bushe. Ladan da aka danne kuwa, a kai ƙara wurin mai unguwa, sannan dagaci, sannan kotu.