Kurakuran da iyali ke yi idan sun ƙudurci ajiye waya a gida, da hanyar gyara su

Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a shekarar 2001, da wuya a sami wani kayan zamani da ya ratsa gidajenmu kamarta, kuma da manyan wayoyi suka yi araha sai zaman tsakar gida bayan sallar isha'i ya sauya kama, kowa yana kusa da ɗan'uwansa amma idonsa na kan abin da ke tafin hannunsa. Wannan ya sa magidanta da yawa suke yanke shawarar a huta da waya da talabijin na wasu kwanaki. Niyyar kyakkyawa ce, sai dai sau da yawa ba ta kai ko'ina, kuma abubuwan da ke rusa ta kusan iri ɗaya ne daga gida zuwa gida.

Babban kuskuren shi ne a ɗora wa yara doka, manya kuma su tsame kansu. Maigida zai tattara wayoyin 'ya'yansa ya kulle a durowa, sannan ya kishingiɗa ya buɗe tasa yana bin muhawarar siyasa a Facebook har dare ya raba, uwargida kuma tana ɗaki tana sauraren saƙonnin murya na zauren 'yan uwa. Yaron da ya ga haka bai koyi cewa yawan latsa waya yana da illa ba. Abin da ya koya shi ne waya gata ce ta manya, wadda zai more son ransa ranar da ya girma. Gyaran shi ne a ware faranti ko kwando guda a falo, wayar maigida ta riga ta kowa shiga ciki. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya kuwa, wajibi ne a zauna da kowacce a daidaita tun kafin a sanar da yara, domin idan an hana a wannan ɗaki an bari a wancan, yara za su tare inda aka bari, kuma abin da aka fara don gyara zai koma ƙorafin an fifita 'ya'yan wance. Haka nan a nemi yardar kaka cikin ladabi, domin ita ce ta fi saurin miƙa wa jika wayarta idan ya yi kuka.

Kusa da wannan akwai sanar da hutun cikin fushi, galibi ranar da aka kawo sakamakon jarrabawa marar kyau. Abin da aka fara da faɗa horo ne a idon yaro, kuma mai shan horo ba abin da yake jira sai ranar da za a sake shi. A zaɓi lokacin da hankalin kowa yake kwance, a faɗi dalili, a ambaci ranar farawa da ranar gamawa.

Wani kuskuren shi ne yanke komai baki ɗaya ba tare da duba cewa waya ta zama hanyar neman abinci ba. Mata da yawa daga cikin gida suke sayar da atamfa da turaren wuta da kayan kicin ta WhatsApp, kuma tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ciniki mai yawa ya koma tura kuɗi ta waya. Sanarwar rasuwa da suna da ɗaurin aure ma yanzu ta nan take zuwa, ɗalibin da zai zauna jarrabawar JAMB kuma a kwamfuta zai rubuta ta. Waɗanda suka zauna a Zamfara lokacin da aka katse layukan sadarwa a watan Satumba na 2021 sun san yadda harkoki ke tsayawa idan an rufe komai lokaci guda. Iyalin da suka yi wa kansu irin wannan rufewa za su karya dokar a rana ta biyu saboda larura ta gaskiya, kuma da zarar an karya ta sau ɗaya, shi ke nan ta rasa kwarjini. Abin da ya dace shi ne a bambance amfani da latse-latse: a mayar da layi cikin ƙaramar waya mai madannai, wadda ke karɓar kira da saƙon banki kuma ake iya tura kuɗi da ita ta lambobin banki ba tare da data ba, a ware wa mai sana'a da ɗalibi lokaci sananne, misali rabin awa bayan azahar da rabin awa bayan la'asar, sannan a gaya wa dangi cewa duk mai magana ta gaggawa ya kira.

Kuskuren da na fi ganin yana kashe wannan yunƙuri, wanda kuma ba a cika lura da shi ba, shi ne a ɗauke waya a bar gurbinta fayau. Yaron da ya saba cike awanni uku ko huɗu da bidiyo ba zai san abin da zai yi da su ba, zai yi ta ƙunci da neman faɗa da ƙannensa, iyaye kuma su gaji su ce gara a ba shi a huta. Wannan ƙuncin na kwanakin farko abu ne da ya kamata a sa rai da shi, kuma yana raguwa idan an daure. Amma dauriya kaɗai ba ta isa ba. Mu da muka tashi da tatsuniya da kacici-kacici da langa da gaɗa a dandali mukan manta cewa yaran yau da yawa ba su da dandalin, ga gidaje a katange, ga fargabar barin yaro waje da dare, saboda haka wasan ba zai dawo da kansa ba sai babba ya zauna ya ce "ga ta nan, ga ta nanku", ko ya haƙa gurbin dara ya koya wa yaro, ko ya ɗauki iyali a je gaida gwaggo da kawu, tun da zumunci a ƙafa yake. A nan kuma akwai rashin adalcin da ya kamata a kiyaye: namiji zai fice majalisa ko gidan kallon ƙwallo ya ari wayar abokinsa, mace kuwa a cike mata lokacin da wanke-wanke da raino, sai hutun ya zame mata ƙarin aiki kawai. Idan za a raba aikin gida a raba da kowa, idan za a yi nishaɗi a yi da kowa.

Akwai kuma auna yara duka da mudu ɗaya. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Ke nan wayar da ake miƙa wa ɗan yaye don ya yi shiru a gama girki ita ce ta fi cancantar a fara janyewa. Saurayi ko budurwa mai shekara 16 kuwa shawara ake yi da su, domin ƙwace ba ya haifar da komai sai wayar ɓoye.

Mutane da dama sukan tsare rana su saki dare, alhali da dare ɓarnar ta fi yawa. Wutar lantarki takan zo cikin dare, sai kowa ya jona wayarsa a gefen katifa da hujjar caji ko ta tashi sallar asuba, daga nan kallo ya zarce har ƙarfe 1. Likitocin barci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, kuma wanda bai samu ba a aji zai rama. A mayar da wurin caji falo, a sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa, talabijin ma a kashe ta, domin barin ta a kunne ba mai kallo yana hana hira kamar yadda waya ke hanawa.

Sai kuma ranar da hutun ya ƙare, inda ake mayar wa kowa wayarsa ba tare da wani sabon tsari ba, cikin kwana biyu a koma gidan jiya. Kafin a fara, kowa ya duba adadin awannin da yake ci a rana, wanda wayoyin Android ke nunawa a Digital Wellbeing, iPhone kuma a Screen Time, ya rubuta a takarda. Ranar dawowa a kashe ƙarar sanarwar manhajojin da ba na sana'a ba, a fita daga zaurukan da ba a amfana da su, a kuma riƙe ƙa'idoji biyu da za a iya dawwama a kansu: ba waya a wurin cin abinci, ba waya a ɗakin barci. Bayan wata guda a sake duba awannin, a kwatanta da abin da aka rubuta a takardar farko.