Aika fayil zuwa firinta daga layin umarni

Ni dai a Linux ba na wahalar buɗe fayil kafin in buga shi. Nakan fara da lpstat -p -d, in ga firintocin da CUPS, wato tsarin da ke kula da buga takardu a Linux, ya sani da wadda aiki ke zuwa gare ta kai tsaye. Daga nan sai lp -d sunan_firinta rahoto.pdf. In kwafi uku kake so, ƙara -n 3. Gaba da baya kuwa, -o sides=two-sided-long-edge, muddin firintarka na iyawa.

Akwai ranar da na tura littafi sukutum, alhali shafi biyar nake buƙata, da -P 1-5 ya wadatar. Takardu na ta fitowa, ni kuwa ido ya raina fata. In haka ta same ka, rubuta lpstat -o ka ga lambar aikin, sannan ka rubuta cancel tare da lambar don soke aikin.