Masu kewar Maltina a Jamus, ku duba kwalba kafin ku biya

In abin sha mai zaƙin malt kuke nema a kanti, ku ɗauki wanda aka rubuta Malztrunk a jikinsa, irin su Vitamalz ko Karamalz. Kada ku ɗauki mai Bier alkoholfrei, wato giyar da aka cire wa barasa.

Kwalaben sun yi kama, sau da yawa ma kusa da juna ake jera su.

Bambancin yana ga yawan Hopfen, furen da ake zuba wa giya. Shi ke kawo ɗacin nan da ke maƙalewa a maƙogwaro kamar shuwaka. Ko an cire barasar, ɗacin na nan daram. Mai jiran zaƙi kurɓi ɗaya zai yi ya ajiye, kuɗi sun tafi.

Sannan a Jamus, abin da aka kira alkoholfrei yana iya ɗaukar barasa har kashi 0.5 cikin ɗari. In ba ku son ko ɗigo, ku nemi 0,0% a rubuce, har a kan Malztrunk ɗin.

Roggenbier kuwa giya ce sosai, ta hatsin Roggen da ake burodi da shi. Kada sunan hatsi ya ruɗe ku.

Mai ciwon suga dai, wannan shawarar ba tasa ba ce, don Malztrunk cike yake da suga.