Yadda nake cefane idan man fetur ya yi tsada, don kada ƙiba ta shigo gida

Ni ce mai cefanen gidanmu. A 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya sa gangar ɗanyen mai ta haura dala 100, na lura da abin da ya tayar mini da hankali: cefane na raguwa, amma jikinmu na ƙara nauyi.

Da na zauna na yi nazari sai na gane. Takin zamani da iskar gas ake haɗa shi, tarakta da motar dakon kaya kuma dizal suke sha. Ganye da kifi da 'ya'yan itace ba sa jira, sai an kai su kasuwa da wuri, shi ya sa tsadar sufuri ke saurin taɓa su. Biskit da lemon kwalba kuwa sai su yi watanni a kanti ba su lalace ba. Da aljihu ya matse, gare su muke komawa, alhali yawancinsu fulawa ne da sukari da mai.

To 'yar'uwa, fara da juya ledar abin da za ki saya a kanti ki karanta bayanta. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. In kin ga sukari a sahun farko, mayar da shi inda kika ɗauko. Giram 4 na sukari kusan ƙaramin cokali ɗaya ne, gwangwanin lemo ɗaya kuma kan ɗauki wajen giram 35. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini, wato kamar giram 50 ga babba. Kin ga gwangwani ɗaya ya kusa cinye rabon yini.

Man girki kuma ki daina tuttula shi daga jarka, auna da cokali. A ma'aunin kuzarin abinci da ake kira kalori, giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sukari 4.

Kuɗin lemon da na soke, wake da ƙwai nake saya da shi. Busasshen wake ba ya neman firiji, yana kuma riƙe ciki. Jiƙa shi tun dare, zai nuna da wuri, gas ɗinki ya yi auki. Ganye ki sayi wanda ake yayinsa, in ya yi araha ki shanya na gaba.

Yara sun yi ƙorafi a satin farko, ban janye ba. Yanzu ruwa ne a kan teburinmu.