Yadda Za a Mayar da Tsohon Sito na Bakin Teku Wurin Taro a Accra

Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962, harkar dakon kaya ta ja baya a Jamestown, tsohuwar unguwar bakin teku a Accra. Mai son mayar da tsohon sito na wannan unguwa wurin taro, sai ya fara neman izinin hukumar birni da amincewar sarakunan ƙabilar Ga. Sannan injiniya ya duba ginin da kyau, domin iskar teku mai gishiri tana cin rodi har cikin siminti, kuma a ganina nan ne bai kamata a yi rowar kuɗi ba. A kankare tsatsa, a sauya kwanon rufi, a ƙara ƙofofin fita. A ware wurin alwala da salla saboda masu zuwa biki daga unguwannin Nima da Sabon Zongo, kuma kada a tare wa masunta hanyar kwalekwalensu.