Yadda Za Ka Kare Ƙwaƙwalwar Yaro Daga Gubar Dalma: Aiki Da Abin Da Bincike Ya Gano Bayan Dareta Da Bagega

A farkon shekarar 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da ke zagayen sa ido kan cutar sanƙarau a Jihar Zamfara suka tarar da yara ƙanana suna amai da jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Bukkuyum da Anka, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba. Sai da aka aika jini ƙasar waje aka gano cewa dalma ce, wadda ke cikin dutsen zinarin da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, binciken gida-gida da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta yi tare da hukumomin Najeriya ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu a cikin shekara guda. Wannan bayani na mai gida ne, da uwa, da malamin makaranta, da ma'aikacin asibitin ƙauye, duk wanda ke zaune inda ake taɓa dutsen zinari ko inda aka taɓa yin haka.

Abu na farko shi ne ka daina jiran alamar ciwo. Mu a nan mun san dalma ne ta fuskar mutuwa da jijjiga, shi ya sa da yawa ke ɗauka cewa yaron da ke wasa yana cin tuwonsa ya tsira, alhali binciken da ya fi tasiri a wannan fanni an yi shi ne a kan yaran da ba wanda ya ce ba su da lafiya. A 1979 wani likitan yara a Amurka mai suna Herbert Needleman ya wallafa sakamakon wata dabara mai sauƙi: ya tattara haƙoran da 'yan firamare suka famfara a garuruwa biyu kusa da Boston, ya auna dalmar da ke ciki, domin haƙori da ƙashi nan ne ma'ajiyarta, sannan ya nemi malamai su bayyana halin yara sama da 2,000 a cikin aji ba tare da sun san sakamakon awon ba. Yaran da haƙoransu suka fi dalma su ne suka fi kasa natsuwa, da kasa bin umarni, da samun ƙarancin maki a gwajin kaifin basira. Masana'antun dalma sun yi ta ƙoƙarin ɓata masa suna, amma binciken da aka yi ta maimaitawa a wasu ƙasashe ya ba shi gaskiya.

Dalilin ɓarnar yana cikin yadda jiki ke ruɗewa. Dalma tana kama da sinadarin kalsiyam, wanda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen aika saƙo a tsakaninsu, saboda haka takan shiga gurbinsa ta dagula haɗin jijiyoyi a daidai shekarun da yaro ke koyon magana da riƙe abu a ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotsar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, ga shi kuma shi ne mai rarrafe, shi ne mai kai hannu baki.

Na biyu, ka koyi karanta adadin da ake rubutawa a takardar gwaji, domin gwajin jini ne kaɗai ke tabbatar da ita. Ana ƙirga ta da maikirogiram a cikin kashi ɗaya bisa goma na litar jini. A Amurka, adadin da CDC ke ɗauka abin damuwa ya yi ta sauka yayin da bincike ke ƙaruwa: 25 a 1985, sai 10 a 1991, sai 5 a 2012, sai 3.5 a 2021. Wani nazari na 2005 da Bruce Lanphear ya jagoranta, wanda ya haɗa bayanan yara 1,333 daga ƙasashe daban-daban, ya gano abin da mutane da yawa ba su zata ba, wato asarar basira ta fi gudu a ƙananan adadi, daga ƙasa zuwa 10, fiye da daga 10 zuwa 20. Don haka idan aka ce maka ɗanka yana da 8, kada ka kwatanta shi da yaran 2010, waɗanda jinin da yawa daga cikinsu ya wuce 65, iyakar abin da ƙaramar na'urar gwajin ke iya karantawa, ka ce alhamdulillahi an gama. Godiya ga Allah wajibi ce, amma 8 tana nufin akwai inda dalma ke shigowa gidanka, kuma sai ka nemo shi. Daga 45 zuwa sama ne likitoci kan yi maganar maganin da ke fitar da ita.

Nemo mashigar shi ne babban aikin, kuma a nan ya kamata a fi daɗewa. Ka tsaya a ƙofar gida da yamma ka dubi mai aikin dutse idan ya dawo: ya sauka daga babur, girarsa da hularsa da bakin wandonsa sun yi fari da ƙura, ƙaramar 'yarsa ta rugo ta rungume ƙafarsa ta cusa fuska a rigar, shi kuma ya kakkaɓe jikinsa a tsakar gida, daidai wurin da aka shimfiɗa tabarmar cin abinci. Bai kawo dutse ko ɗaya gida ba, amma ya kawo dalma. Gyaran wannan ba ya cin kuɗi: a ware tufafin aiki da takalmin aiki su zauna can wurin aiki, ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya shiga gida, kuma kada a haɗa wankin kayan da na yara.

Daga nan sai ka bi kayan gidan ɗaya bayan ɗaya. Turmi da taɓaryar da aka taɓa daka dutse da su sun tashi daga na abinci har abada, ko da an wanke su. Haka injin niƙan da ya taɓa niƙa dutse, kada a kai masa gero ko dawa. Buhun da aka zubo dutse a ciki, wanda mata kan so su adana saboda ƙarfinsa, ba na hatsi ba ne, ba kuma na shimfiɗa wa jariri ba. Kada a shanya tsaki ko kuɓewa a dandamalin da aka taɓa shanya garin dutse. Idan an yi tubali da ƙasar wurin wankin zinari, bangon ɗakin kansa yana zubar da ƙurar. A yayyafa ruwa kafin shara, a fitar da yara har ƙura ta kwanta, a wanke musu hannu da sabulu kafin cin abinci. Ruwan kududdufin da ake wanke dutse ba na sha ba ne, ba na shayar da dabbobi ba, kuma tafasa shi ba ya cire dalma, sai ma ya ƙara mata kauri. Sannan akwai kwalli, wanda nake ambata da sanin cewa kakanni ba za su ji daɗi ba: yawancin baƙin dutsen kwalli na gargajiya dutsen dalma ne, har CDC ta ba da rahoto a 2012 kan wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da ya kamu ta hanyar kwallin da ake sa masa. Wurin fasa tsohon batirin mota shi ma a nisanta yara da shi.

Idan ƙasar gidan ce ta gurɓata, wannan ya fi ƙarfin tsintsiya. Abin da aka yi a ƙauyukan Zamfara da taimakon kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith shi ne a auna ƙasar da na'urar hannu, a kankare samanta, a kwashe a binne a rami na musamman nesa da gari, a zubo sabuwa mai tsabta. An sami wuraren da dalmar ta haura 100,000 a cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa wa filin wasan yara a lokacin 400 ce. Aikin gayya ne da ke buƙatar mai unguwa da hakimi da ƙaramar hukuma, kuma sarakunan gargajiya ne suka sa aka fitar da niƙan dutse daga cikin garuruwa a wancan karon. Inda ba za a bar sana'ar ba, kuma mu faɗi gaskiya, talauci da tsadar zinari ba sa barin a bar ta, to a yi niƙa da ruwa maimakon a bushe, a wuri guda bayan gari, ba mai ciki, ba yaro.

Sai bayan an toshe mashigar magani ke da ma'ana. MSF ba ta fara ba yaran ƙauyen Bagega da ke Anka maganin fitar da dalma mai suna DMSA ba sai da aka kankare gurɓatacciyar ƙasar garin a 2013, bayan jinkirin sakin kuɗi da ya sa matasa masu fafutuka da ƙungiyar Human Rights Watch suka yi ta matsa wa gwamnatin tarayya, domin ba wa yaro magani a mayar da shi cikin ƙurar kamar ɗiban ruwa da kwando ne. Maganin ya ceci rayuka masu yawa, amma ka san iyakarsa. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2001 a kan yara 780 masu adadin 20 zuwa 44 ya nuna cewa maganin ya rage dalmar jini, bai kuwa ƙara musu maki a gwajin basira ba. Kada ka sayi wani magani ko jiƙo da sunan wankin dalma; likita ne ke bayarwa, yana bibiya da gwaji.

Abinci yana taimakawa gwargwado. Cikin da ba komai da jikin da ke da ƙarancin jini sun fi tsotsar dalma, saboda haka kada yaro ya fita wasa bai karya ba, kuma a yawaita masa wake, zogale, alayyafo, hanta da nono. Mai ciki ta fi kowa buƙatar wannan, domin dalmar da ta kwanta a ƙashinta tun tana yarinya tana iya komawa jini ta isa ga ɗan tayi, kuma ta guji cin farar ƙasa.

Ga malamin makaranta kuwa, akwai binciken birnin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan, inda aka bi mutanen da aka haifa a 1972 da 1973 tun suna jarirai. Sakamakon da aka fitar a 2017 ya nuna cewa waɗanda jininsu ya fi dalma suna da shekara 11 sun fi samun raguwar basira da komawa baya a matsayin sana'a da suka kai 38. Matsakaicin jama'a ne wannan, ba hukunci a kan wani yaro guda ba. Idan ɗalibinka ya fito daga irin waɗannan ƙauyuka yana yawan mantuwa da saurin fushi, ka ajiye bulala, ka dawo da shi layin gaba, ka ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ka sa a duba jinsa tunda dalma kan taɓa kunne, sannan ka shawarci iyayensa su kai shi da ƙannensa gwaji, su adana takardar da kwanan wata a jiki domin a kwatanta ta da ta gaba.